Ranar da Kyaftin Tudu Ya Aza Harsashi

Idan ana lissafin mutanen da suka san teku, a fara da Shugabanmu, a sha ruwa, a huta, sannan a nemi na biyu. Shekara tara ke nan yana riƙe da Kwamitin Tsara Muhimman Ayyukan Binciken Teku na Nahiya, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa jin teku ya yi ƙorafi a kansa ba. Ya san teku a hoto. Ya san shi a majigi. Ya san shi ta tagar jirgin sama, in dai barci bai ɗauke shi ba. Abu ɗaya ya rage masa, wato ya taɓa ruwan da hannunsa, wannan kuwa aikin ƙananan ma'aikata ne.

Ma'aikatan suna kiransa Kyaftin Tudu: Kyaftin a gabansa, Tudu bayan ƙofar lif ta rufe. Sunan ya samo asali daga wata farar hula mai hoton angar jirgin ruwa da ya sayo a shagon filin jirgi. Ba ya cire ta sai zai yi aski, ko a nan ma a cinyarsa take zama. Mutum ne mai cika kujera, mai cika ɗaki, mai cika takarda. In ya yi tari, Sakatare ya rubuta. In ya yi atishawa, a kafa ƙaramin kwamiti.

Ofishinsa yana hawa na bakwai, tafiyar minti ashirin a mota daga bakin teku. Da akwai taga mai kallon ruwan, amma ya sa an toshe ta da katako, wai hasken da ke shigowa yana dusar da launin Taswira. Ita kuwa Taswira ba a wasa da ita. An zana ta shekara talatin da huɗu da suka wuce, falle ɗari uku, ta bi gaɓar nahiyar kaf, ƙasashe talatin da ɗaya suka buga mata hatimi. Fallen garinmu ne a bangon Kyaftin, cikin gilashi, da fitilarsa ta musamman. Kowace safiya yakan tsaya a gabansa, hannaye a baya, ya duba ko komai na nan yadda ya bar shi jiya. Bai taɓa tarar da matsala ba.

Ni dai na dawo daga karatu a wata ƙasa mai nisa da takardar shaidar nazarin teku, aka duba cancantata, aka ba ni aikin rubuta bayanan taro. Ban damu ba. Kujerar mai rubutu a kusurwa take, daga kusurwa kuwa ana ganin kowa.

A can ƙasan benen, tsakanin injin kwafi da ɗakin karyayyun kujeru, akwai tebur ɗaya na wata mata da ake kira Mai Awo. Ita kaɗai ce a duk ma'aikatar take dawowa aiki da yashi a takalmi. Farkon kowane wata takan ɗauki tef ɗin awo da turakun ƙarfe ta tafi unguwar masunta, ta auna daga turke zuwa inda ruwa ya tsaya, ta rubuta. Shekara goma sha shida tana wannan. Turakunta na farko duk suna cikin teku yanzu.

A unguwar aka haife ta. A Taswira, unguwar tana da layin gidaje biyar, ga kuma wani makeken fili a gabansu inda ake shanya koma ta kamun kifi. A ƙasa kuwa layi biyu suka rage. Filin ya tafi, layi uku sun bi shi. Gidan mahaifiyarta, Inna, shi ne yanzu a gaba, kuma daga ƙofarsa zuwa ruwa taku goma sha ɗaya ne. Bara goma sha bakwai ne.

Mutanen unguwar sun je ofishin filaye neman sabon matsuguni. Akawun ya buɗe kwafin Taswira, ya aza yatsa, ya ce, "Ku da kuke da fili har ya yi muku yawa, me za ku yi da wani?" Doka ta ce ba a ba mutum sabon fili sai takarda ta nuna nasa ya ɓace. Takarda ba za ta nuna ba sai an sake zana Taswira. Taswira kuwa ba a taɓa ta sai Kwamitinmu ya sa aikin a cikin jerin muhimman ayyuka goma da yake fitarwa sau ɗaya a shekara goma. Taron fitar da jerin saura mako biyu. In layin nan bai shiga ba, Inna za ta jira wata shekara goma, teku kuwa ba ya da niyyar jiran ko biyu.

Don haka Mai Awo ta hau hawa na bakwai da littafin awonta. Abin da take so gajere ne: a sake auna gaɓa, a sake zana Taswira.

Kyaftin ya karɓe ta da karamci irin na manya, wato ya bar ta a tsaye. Ya buɗe littafin daga baya, ya rufe. Sannan ya miƙe ya isa gaban gilashi.

"Malama, zo ki gani. Wannan mene ne?"

"Fili ne, ranka ya daɗe. A da."

"Babu a da a kimiyya! Ƙirga hatiman nan. Talatin da ɗaya. Ƙasashe talatin da ɗaya masu cin gashin kansu sun zauna, sun sha shayi, sun amince cewa ƙasa a nan ta tsaya, ruwa a nan ya fara. Yanzu ke kin zo da tef ɗin tela kina ce mini teku ya canza shawara. Da izinin wa? A wane zama? Nuna mini hatimin teku!"

"Ranka ya daɗe, minti ashirin ne a mota. Da za ka zo ka gani da idonka."

"Ido?" Kyaftin ya yi dariya, Sakatare ya taya shi. "Ido na yaudara, Malama. Shi ya sa aka ƙirƙiro takarda. Shugaba ba ya zuwa ya gani. Shugaba hange yake yi."

Duk da haka, saboda shi mutum ne mai son a ce yana sauraron na ƙasa, ya yarda ta rubuta buƙatarta a kati ta kawo taro.

An yi taron a babban zauren wani otal, zaure marar taga ko ɗaya. An shimfiɗa shuɗiyar darduma don ta tuna wa wakilai abin da ya tara su. Ƙarti huɗu suka ɗauko fallen Taswira daga ofis, Kyaftin na biye da su yana cewa a yi hankali da tarihi. Wakilai suka zauna bisa jerin tutoci. Masana teku na gaske, su wajen ashirin, aka ba su kujerun roba a baya, kusa da tulin kofuna.

Jawabin buɗe taro ya ɗauki awa ɗaya da minti hamsin. Zan kawo kaɗan daga ciki, don 'yan baya.

"Ya ku manyan baƙi, mene ne teku? Na daɗe ina wannan tambaya, kuma yau zan ba nahiya amsa. Teku ruwa ne! Amma ba ruwa kawai ba. Ruwa ne mai yawa. Kakanninmu sun gan shi, sun bar shi. Mu kuwa ba za mu bar shi haka kara zube ba. Za mu tsara shi. Za mu sa shi a ginshiƙai huɗu da manufofi goma sha biyu. Nan da shekara goma, duk kifin da ke iyo a nahiyar nan zai san a ƙarƙashin wace manufa yake iyo!"

Aka yi tafi. Wakilin wata ƙasa da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku ya fi kowa tafi, sannan ya nemi a rubuta cewa ƙasarsa ba za ta lamunci a ci gaba da ajiye teku a gefe ɗaya na nahiya ba. Aka ce za a duba.

Yadda Kwamitinmu ke zaɓen muhimman ayyuka abin koyi ne. Kowace buƙata a rubuta ta a kati, a manna a bango. Kowane mahalarci a ba shi jajayen sitika uku, ya liƙa a katin da ya fi so. Katin da ya fi sitika shi ne na ɗaya. Adalci ke nan tsantsa. Shi Shugaba, saboda nauyin da ke wuyansa, falle guda ake ba shi, mai sitika sittin.

Kwana na farko ya tafi a kan tambarin Kwamiti. Kifi ne za a zana, amma ina zai kalla? Wakilan gabas suka ce in ya kalli yamma ya juya musu wutsiya. Wakilan yamma suka ce su ma ba su zo kallon wutsiya ba. Har an fara tattara jakunkuna, sai Kyaftin ya ceci nahiya: kifin ya kalli mai kallonsa, ido cikin ido. Mai zane ya zana. Abin da ya fito ya fi kama da ƙwai mai mamaki. Aka amince da shi baki ɗaya.

A kwana na biyu aka liƙa sitika. Katin Mai Awo yana can ƙasa, kusa da soket ɗin lantarki. Masanan baya suka taso ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya, kowa ya duƙa ya liƙa nasa ukun. Wata tsohuwar farfesa daga ɗaya gefen nahiya ta ce a garinsu ma teku ya cinye maƙabarta da rabin kasuwa. Wani ya ce su titin jirgin ƙasa ya ɗauke musu. Kafin a tafi shan shayi katin ya yi ja wur, sitika hamsin da takwas.

Kyaftin ya duba, ya gyara hula, ya juye fallen sitikarsa gaba ɗaya a kan kati guda: Gina Cibiyar Binciken Teku ta Nahiya, hawa goma sha biyu, ofishin Shugaba a sama. Sittin. Na ɗaya ke nan.

To, sai na biyu. Kowa ya ga wane kati ne. Nan Kyaftin ya nuna abin da ya sa ake kiransa uban tsari.

"Wannan buƙata tana da girma," in ji shi. "Girmanta ya wuce a cusa ta cikin jeri tare da sauran. Ba zan wulaƙanta ta da lamba biyu ba. Na ba ta matsayi na musamman. Ita ce ta goma sha ɗaya."

Tsohuwar farfesa ta ɗaga hannu. "Shugaba, jerin na goma ne."

"Shi ya sa na ce na musamman."

Sauran guraben suka cika nan da nan. Akwai taken teku da za a riƙa rerawa kafin kowane taro. Akwai sayen jirgin bincike, da gina masa rumfa a tudu don kada gishiri ya ɓata masa fenti. Akwai taron duba sakamakon wannan taro, da taron shirya wancan taron. Na rubuta su duka da hannuna. Takardar layi goma gare ta. Na goma sha ɗaya a kan tebur ya faɗa.

Saura wurin da za a gina Cibiya. Kyaftin ya ɗauki sandar nuni, ya tsaya gaban Taswira, ya lumshe ido don hange ya sauko masa. Sandar ta yi yawo, ta yi yawo, ta sauka a kan wani makeken fili a gaban unguwar masunta.

"Nan! Ku dubi faɗi! Ku dubi kusanci da teku!"

Mai Awo ta miƙe a baya. "Ranka ya daɗe, wurin nan..."

"An rufe muhawara."

Kuma don kada wata ƙasa mai baƙin ciki ta janye Cibiyar zuwa gabarta, shi da kansa ya ƙara sharaɗi: ba za a gusar da ginin ko da taƙi ɗaya daga inda sanda ta taɓa ba, sai da amincewar babban taro, wanda zai sake zama bayan shekara biyu. Aka tsayar da ranar Alhamis don aza harsashi. A nan filin, bayan an aza dutse, Shugaba zai sa hannu a jerin ayyuka goma, ya buga hatimi, magana ta ƙare.

Ranar Talata aka tura safiyo ya kafa alama. Ya tafi da na'urarsa, ya dawo da yamma wandonsa a hannu yana ɗiga. Ya yi wa Sakatare bayani. Sakatare mutum ne da ya shekara tara bai kai wa Kyaftin labari marar daɗi ba, kuma ba ya shirin farawa. Ya zauna ya rubuta rahoto, wanda ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a cikinsa: fili ne shimfiɗaɗɗe, babu ciyawa, babu shara, babu mai jayayya a kansa, ga wadataccen ruwa.

Kyaftin ya karanta ya ce, "Ban faɗa ba?"

Ranar Alhamis da hantsi motoci ashirin da uku suka shiga unguwar masunta. An kafa rumfa a kan yashi, an jera kujeru, ga 'yan badujala, ga masu ɗaukar hoto. Mutanen unguwa suka fito ƙofar gidajensu suna kallo. Inna ta fito da kujerarta ta zauna, don ba ta da nisan tafiya, rumfar kusan a ƙofarta aka kafa. Ƙarti uku suka sauke dutsen harsashi. Da ƙarami aka yi oda, amma da aka zo sassaƙa muƙaman Kyaftin sai da aka canza babba.

Kyaftin ya fito cikin farar kwat mai maɓallan zinariya. Ya dubi teku, karo na farko a kusa, ya ɗan yamutsa fuska, kamar wanda aka kawo wa kayan da ba su yi kama da hoton talla ba.

"Ya cika motsi," in ji shi. "To, ina filin?"

Sakatare ya shiga gyaran takardu. Safiyo ya ɓace bayan rumfa. Mai Awo ce ta matso ta nuna da hannu. Can cikin ruwa, tafiyar kamar taku ɗari da hamsin, wata rawayar jarka tana lilo.

"Ga tsakiyarsa can, ranka ya daɗe. Kawuna ne ya taimaka wa safiyo ya ɗaure jarkar."

Mai kakaki ya sauke kakakinsa. Wakilai talatin da ɗaya suka zuba wa Kyaftin ido. Ƙaramin mutum da sai ya ce an yi kuskure. Wani ma da sai ya ce a aza dutsen a nan bakin yashi. Amma sharaɗin taƙi ɗaya nasa ne, kuma ga masu hoto.

"Fili yana nan," in ji Kyaftin. "Ruwa ne ya hau kansa ba da izini ba, kuma za a rubuta masa. A kawo jirgi!"

Jirgin da ya samu shi ne kwalekwalen Kawu, yayan Inna, wani tsoho siriri mai kunnen ƙashi da bai cika magana ba. Aka loda dutse. Sakatare ya shiga, rungume da jerin ayyuka da hatimi a cikin leda. Mai Awo ta shiga don nuna wuri, ni kuma don bayanan taro. Kyaftin ya ƙi rigar kariya, wai za ta rufe maɓallai. Masunta biyu suka ɗauke shi cak, kamar buhu mai daraja, suka ajiye a tsakiya, takalminsa ko ɗigo bai taɓa ba.

Kawu ya ja filafili. Kafin mu yi rabin hanya fuskar Kyaftin ta koma kalar kwat ɗinsa. Amma da muka isa jarka ya miƙe, hannu ɗaya a hula, ya fuskanci rumfa, ya yi jawabi na minti goma sha biyu. Iska ta kwashe shi duka ta yi cikin teku da shi. Mutanen rumfa suna ganin bakinsa ya tsaya sai su yi tafi.

Ƙa'idar bikin aza harsashi a Kwamitinmu a rubuce take, shafi na huɗu: hannun Shugaba zai zauna a kan dutse har sai dutsen ya taɓa ƙasa. Ni da Sakatare muka tura dutsen zuwa bakin kwalekwale. Kyaftin ya aza hannunsa, ya juya gefen fuskarsa mai kyau wajen masu hoto, ya ce, "Da sunan nahiya!"

Muka saki. Dutse ya tafi. Kyaftin, mutumin ƙa'ida, ya bi shi.

Abin da ya biyo baya na rubuta shi a bayanan taro da cewa Shugaba ya gudanar da ziyarar gani da ido. Ya nutse, ya ɓullo, ya kira sunayen da ban san yana da su a dangi ba, ya sake nutsewa. Kawu ya miƙa filafili, bai kai gare shi ba. Can sai muka ga ya daina bugun ruwa. Ya tsaya cak, ruwa iya ƙirji. Ƙafarsa ta samu wani abu mai tauri.

Ya tofar da ruwa, ya laluba kansa, hula na nan. Nan take murya ta dawo.

"Ƙasa! Ga ƙasa! Sakatare, rubuta! Ina tsaye a kan filin Cibiya da ƙafafuna biyu! Malama Mai Awo, ina tekun naki da ya cinye fili? Taswira ba ta ƙarya!"

Mai Awo ta waiwaya. Ta dubi rumfa, ta dubi ƙofar Inna. In maganar nan ta shiga takarda, ta san shekara goma ta tabbata.

Kawu ya ɗora filafili a cinya, ya bar kwalekwalen yana lilo taku uku daga Kyaftin. Ya dubi sama, ya dubi ruwa.

"Ya fara cikowa," in ji shi, kamar mai magana da kansa.

Ruwan ya tashi daga maɓalli na uku zuwa na biyu. Wata igiyar ruwa ta zo ta mari Kyaftin a kunne.

"To, ya isa. Tsoho, matso ka ɗauke ni."

"Ranka ya daɗe, ai yanzu ka ce ƙasa ce. Ni kwalekwale gare ni, ba tasi ba. Ban taɓa ɗaukar fasinja a tudu ba. Ka taka a hankali, ga rumfa can, miƙe kawai."

"Sakatare! Ka ba shi umarni!"

Sakatare ya ƙanƙame ledarsa, gumi na zuba. "Ranka ya daɗe, ina so. Amma a rubuce kana tsakiyar fili. In na ce a cece ka daga ruwa, dole in rubuta akwai ruwa. In na rubuta akwai ruwa, na ƙaryata Taswira. Kai kuwa ka ce duk wanda ya ƙaryata Taswira ya ajiye makullin ofis."

"Na janye!"

"Janyewa sai babban taro, ranka ya daɗe. Shekara biyu."

Maɓalli na ɗaya ya nutse. Kyaftin ya yi ɗage, ya miƙa wuya kamar zakara zai yi cara.

Sai Mai Awo ta yi magana, a natse, irin muryar da take karanta awo da ita. "Akwai hanya, ranka ya daɗe. Ba ka sa hannu a jerin ba tukuna. In sake auna gaɓa ya shiga ciki, to Kwamiti ya yarda ana shakkar wurin nan. Wurin da ake shakka kuwa, ko tudu ne ko ruwa, ana iya ɗaukar mutum a kwalekwale kafin a tantance."

"Haka ne," in ji Sakatare da sauri. "Shafi na tara."

Kyaftin ya sha marin igiyar ruwa biyu. Sannan ya ɗaga haɓa sama, don nan kaɗai ya rage a waje, ya fara shifta.

"Bisa hangen nesa da aka san ni da shi, kuma bayan zurfafan bincike da na gudanar ni da kaina, a cikin..." Ruwa ya shiga bakinsa. Ya furzar. "A sa shi! A sa!"

"Lamba nawa, ranka ya daɗe?"

"Ɗaya! Ɗaya!"

Sakatare ya rubuta. Komai ya sauka da mataki guda, taken teku, da yake shi ne na goma, ya faɗo daga jeri, ba wanda ya yi masa kuka. Kawu ya matso da kwalekwale, ya shimfiɗa filafili a kan ruwa ya zama tebur. Kyaftin ya sa hannu, ya buga hatimi har sau biyu. Mai Awo ta karɓi takardar ta duba, ta hura mata iska, ta mayar cikin leda. Sannan muka kama shi, mu huɗu, muka jawo shi ciki kamar koma ta yi kamu.

A bakin yashi Inna ta tare 'yarta.

"Ya sa hannu?"

"Ya sa, Inna."

"To, me kike jira? Ɗauko tef ɗinki."

Shi kuwa Kyaftin, aka naɗe shi da mayafin teburin manyan baƙi, aka zaunar da shi. Minti biyar bai cika ba ya nemi makirufo. Babban mutum ba ya jiƙewa a banza.

"Ya ku wakilan nahiya, kun gani da idonku! Wane shugaba ne a tarihi ya taɓa auna zurfin teku da jikinsa? Wasu suna aika ma'aikata. Ni na aika kaina! Na daɗe ina zargin Taswirar nan, Sakatare shaida ne. Kuma a can ƙarƙashin ruwa, lokacin da nahiya ta kusa yin babban rashi, wani gini na kakanninmu ya miƙo kansa ya ɗauki nauyina. Ginin nan ya san wanda ya taka shi! Na ba da umarni a kafa masa allon tarihi, da sunana a sama, nasa a ƙasa. Ina tsohon nan? Zo nan, baba. Faɗa wa duniya, wane gini ne wannan? Fadar shugabanku ce? Ko majalisar dattawa?"

Aka tura Kawu gaba, aka kai masa makirufo baki. Ya sosa ƙeya, ya dubi mutanen unguwa, ya dubi wakilai talatin da ɗaya.

"Makewayi ne, ranka ya daɗe. Na masu shanya koma. Mu dai ciki muke shiga, mu tsuguna, mu yi abin da ya kawo mu, mu fito shiru. Kai ne na farko da ya hau kansa ya yi jawabi."